Yadda Aka Sauko da Puang Dalle

Ranar da Haeru ya dawo daga garin Pangkajene da albishir cewa gidan Haji Mappiare sun yarda ɗansu ya auri Wana, Puang Dalle yana zaune a ɗakin gaba, yana niƙa shinkafa da kurkum a ƙaramin turmi, garin da ake murza wa amare a jiki. Ya ajiye taɓarya, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi. Ina amaryar? Wana! Zo nan in ga goshin da zan yi wa zane."

Wana ta leƙo daga kicin tana rufe fuska. "Goggo, ke dai ba kya rabuwa da tsokana."

Puang Dalle bissu ne, Puang kuwa laƙabin girmamawa ne. Shi ba namiji ba ne zalla, ba kuma mace ba ce zalla, duka biyun aka haɗa masa, kuma irinsu ne tun kakanni suke tsayar da ranar shuka, su yi wa sabon gida addu'a, su shirya amare. Gashinsa ya kai ƙugu, yana naɗe shi a ƙeya kamar na mata, ya soke wuƙa a ɗamara kamar na maza. Haeru, ɗan ƙanwarsa da ya rena a wannan gida tun yana maraya, Kawu yake ce masa. Wana, 'yar Haeru, Goggo take cewa. Duk wanda aka kira shi da shi amsawa yake yi.

Haeru bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin babur a hannu.

"Kawu, akwai magana. Mutanen nan masu tsanani ne. Haji ba ya son duk wani abu na gargajiya. Za su riƙa zuwa, kuma ɗakin nan shi baƙo yake fara gani."

"To, sai a share shi."

"Ba shara nake nufi ba. Cewa na yi ko za ka koma ɗan lungun da ke kusa da murhu. Na ɗan lokaci ne, har a gama biki."

Rosmini, matar Haeru, ta shigo da kofi ta dire. "Ai can ma ya fi ɗumi, Puang. Ga tsufa, ga sanyin ƙashi. Don lafiyarka ne."

Puang Dalle ya dube ta, ya dubi ginshiƙin tsakiyar gidan da ubansa ya kafa. Ya so ya ce ƙashinsa bai kai ƙara wurin kowa ba. Amma ya ga Wana tsaye a bayan labule tana murza yatsu, sai ya naɗe tabarmarsa da kansa.

Saura kwana biyu dangin ango su zo sa rana, Rosmini ta same shi a lungun da hantsi, almakashi a hannunta, Haeru a bayanta.

"Me za a yanka?"

"Kawu, ka fahimce ni," in ji Haeru. "Ba za mu iya ɓoye ka ba, kai ne babba a gidan. Dole ka zauna cikin maza a gaisa. To da wannan gashin ta yaya?"

"Shekara hamsin ƙarfe bai taɓa shi ba. Tun ranar da aka yi mini wankan shiga wannan hanya."

"Gashi ne fa, zai sake tsirowa," in ji Rosmini. "Auren yarinya idan ya lalace, shi ma tsirowa zai yi? So kake a ce a gidan mata-maza suka ɗauko suruka?"

"Rosmini, kama bakinki," in ji Haeru, amma bai karɓe almakashin ba.

"Ka tambayi Wana," in ji Puang Dalle. "Idan ita ta ce a yanke, a yanke."

Aka kira Wana. Ta tsaya kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan katako. Tana son yaron, kowa ya sani. Uwarta ta kafa mata ido.

"Goggo," ta ce da ƙyar, "na kwana ɗaya ne kawai."

Almakashin ya dakushe, sai da Rosmini ta yi ta ja tana datsa. Da ta gama ta tattara gashin a leda ta fita da shi, ba ta tambaye shi inda za a kai ba. Puang Dalle ya shafa ƙeyarsa, ya ji iska tana taɓa wurin da ya manta yana da shi.

Ranar sa rana aka ɗora masa baƙar hula da rigar Haeru mai faɗi, aka zaunar da shi cikin maza.

"Wannan kawuna ne, La Dalle," in ji Haeru, yana ɗora masa "La" ɗin da ake sa wa sunan maza. "Manomi ne."

Haji Mappiare, mutum mai ƙiba da fara'a, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Masha Allah. Amma hannun nan bai yi kama da na mai riƙe garma ba. Ina iyali?"

"Ta rasu tuntuni," Haeru ya yi wuf ya amsa. "Bai sake aure ba."

Duk mazan suka ɗaga hannu suka yi wa matar da ba a taɓa haifa ba addu'a. Puang Dalle ma ya ɗaga nasa. Ya rasa ko dariya zai yi ko ihu. Daga bayan labule yana jin matan suna gardama a kan launin kayan amarya, suna kuskure a kan abin da ya fi kowa sani, kuma ba dama ya tanka.

Da gajimare ya fara haɗuwa, manoma uku suka zo da safe, kamar yadda suke zuwa kowace shekara, da goro da kaza, don a duba musu ranar da za a sa garma a gona. Haeru ya tare su a matakala.

"Gidan nan an daina wannan. Ku je ku saurari rediyo."

"To, Puang fa? Ba ya nan ne?"

"Ba ya jin daɗi."

Puang Dalle yana jin su ta bangon katako. Ya yunƙura zai fita, Rosmini ta tsaya a hanya da tukunya. "Ka fita da wannan kan a gwaigwaye su yi maka dariya? Mu muna rufa maka asiri ne."

Da la'asar sai ga Haeru ya leƙo lungun, ya rage murya.

"Kawu, ni fa gonar ƙasan rafi nake tunani. Talata ko Alhamis?"

"Rediyonka ya lalace ne?"

"Haba Kawu. Tsakaninmu ne."

Puang Dalle ya tuna jikarsa. Shinkafar gonar nan Wana ma za ta ci. "Alhamis," ya ce, "bayan rana ta ɗaga." Haeru ya tafi ko godiya babu.

A makon ne suka hau ɗakin sama suka sauko da kayansa: ƙaramar ganga, farar rigar da yake sawa ranar fitar da garma, kwandon turare, da wuƙarsa mai lanƙwasa. Rosmini ta cusa su a buhun taki ta jefa ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga shi daga ƙasa, inda kaji suke kwana.

"Surukar Wana ta ce za ta hau ta ga inda muke ajiye shinkafa. In ta ga wannan tarkacen ta ce shirka muke yi fa?"

"Na taɓa fashin salla a gabanki?"

"Ni ban ce ba. Mutane ne za su ce."

Abu ɗaya ya rage masa, shi ya riƙe. Amare sun fi ɗari uku da suka bi ta hannunsa, har da Rosmini kanta. Ya san yadda ake aske gashin goshi, a zana baƙin zane ya sauko kamar ƙahon ɓauna, ya san kalmomin da ake raɗa wa amarya don fuskarta ta yi haske a gaban miji. Tun Wana tana rarrafe yake auna goshinta da yatsa. Kwana arba'in yana jiƙa shinkafa yana shanyawa, yana tace baƙin shafi, yana ɗinke duwatsun rigar da suka saki.

Ana gobe kamu, wata mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yan mata biyu suka fito da akwatuna.

"Su waye waɗannan?"

"Masu kwalliya ne daga birni," in ji Rosmini. "Gidan Haji ne suka turo. Za mu ce musu a'a ne?"

Ya nemi Haeru ya same shi yana ɗaure rumfa. "Ka ce na ɗan lokaci, na koma lungu. Ka ce gashi, na bayar. Ka kashe mini matar da ban aura ba, na yi mata addu'a. Wannan ɗaya na roƙe ka. Ko da asuba ne, kafin baƙi su tashi. Babu wanda zai gani."

"Kawu, idan kawun amarya ya shiga ɗakinta yana shafa mata fuska, me za a ce? Mun riga mun ce kai namiji ne."

"Ku kuka ce."

"To mun ce ɗin! Za mu janye ne yanzu?" Haeru ya ja igiya da ƙarfi. "Akwai ma wata magana. Gobe rabin mutanen garin Segeri za su zo, kowa ya san ka. Wani zai kira ka Puang Bissu a gaban Haji. Kuma tafkin kifinmu ba mai gadi, duk yaran da ke tsaronsa suna nan wurin biki. Ka je ka zauna a bukkar can kwana uku. Ka taimake ni."

Wana ta biyo shi har bakin hanya da ƙunshin barongko, wani abin zaƙi na ayaba da ƙwai, a ganyen ayaba.

"Goggo, ki yafe mini. Na yi magana, Baba ya ce in zaɓa, ko ke ko auren."

Ya ciro kwalbar garin daga ƙullin zanensa ya sa mata a hannu. "Ki murza a wuya da damtse kafin su sa miki nasu. Kada ki bari su aske miki gira. Koma, kada a neme ki."

Bukkar tafkin ba ta da bango sai ta gefe biyu. Kwana ukun nan ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Idan iska ta juyo sai ta kawo masa kiɗan biki daga gari, ta sake ɗaukewa. Ya zauna rungume da gwiwa yana kallon kifi suna tsalle, yana lissafa a ransa: yanzu ana mata lalle, yanzu an ɗaura, yanzu tana zaune a kan kujerar amare da fuskar da wasu suka yi mata. Abinci sau biyu aka tuna aka aiko. Ya dawo da tari mai kama ƙirji.

Da ya hau matakala ya tarar an cika lungunsa da kujerun roba da tukwanen biki.

"Ai mun gyara maka wuri a ƙasa," in ji Rosmini. "Ka ga ba ka sha wahalar hawa da sauka. Haeru har kwano ya buga maka."

Ƙarƙashin gidan ne, tsakanin ginshiƙai, an kewaye da tsohon kwano, an sa gadon gora. Akurkin kaji a gefe ɗaya, babur a ɗaya gefen.

"Ka ce har a gama biki," ya ce wa Haeru.

"Ai yanzu suka zama surukai, Kawu, yanzu ne za su riƙa faɗowa ba sanarwa. Bari abin ya ɗan lafa."

Abin bai lafa ba. Wata ya bi wata. Idan an wanke shinkafa a sama, ruwan ta tsakanin katako yake ɗigo masa a kafaɗa. Idan gidan Haji sun zo, sai a jingina ƙofar kwanon daga waje da turmi, a ƙara ƙarar talabijin don kada a ji tarinsa. Matan gari da ya yi wa kwalliya sukan tsaya a bakin shinge su tambaya, Rosmini ta ce barci yake yi. A hankali suka daina tsayawa.

Wata rana da hantsi Haeru ya shigo masa da fara'ar da ya daɗe bai gani ba, da leda a hannu.

"Kawu, alheri ya zo. Ana bikin al'adu a birni, manyan baƙi daga ƙasashen waje. Bissu na asali suke nema, wanda ya iya rawar wuƙa, wadda ake soka wa jiki ba ta huda. Har gida suka zo. Za a ɗauke ka a mota, za a sa ka a talabijin. Sunan gidanmu zai fito."

"Haji ba ya kallon talabijin?"

"Da kwalliya ba zai gane ka ba. Kuma wannan ai wasa ne, al'ada ce, ba kamar a gida ba." Ya buɗe ledar ya zaro hular gashi, baƙa wul, mai sheƙi irin ta kanti. "Sun ce dole da dogon gashi, saboda hoto."

Puang Dalle ya dubi abin. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya samu numfashi.

"A gidan ubana ba ni da wurin shimfiɗa tabarma, amma a gaban baƙi ina da dandamali. Kai yaro, ba wasa ba ne. Ban taɓa soka wuƙa a wuyana don a tafa mini ba."

"Kai dai ba a iya maka! An ɓoye ka ka yi fushi, an fito da kai ka yi fushi. Me kake so?"

"In hau sama."

Haeru ya cusa hular a leda ya fita. Daga ranar ko leƙowa ya daina. Abinci sai a ajiye a bakin ƙofar kwanon, wani lokaci kaji su riga shi.

Da rani ya shigo, Puang Dalle ya daina iya tashi sai da dafa ginshiƙi. Ƙafafunsa suka kumbura. Ya nemi a kai shi asibiti, Haeru ya aiko cewa sai an gama girbi, kuma a can ɗakin maza za a kwantar da shi ko na mata, a bar shi ya huta a gida ya fi masa mutunci.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana kwance cikin zafin kwanon, maƙogwaronsa ya bushe, butarsa babu ko ɗigo tun safe, ya ji takun mutane a samansa. Muryar liman ce, da Haeru, da Rosmini, sai ta Wana wadda ta zo ganin gida da cikinta. Suka zauna daidai kansa.

"Malam, gara a shirya tun yanzu," in ji Haeru. "Jikin nan ba mai tashi ba ne. Idan ta Allah ta kasance, wa zai yi wanka?"

"Maza mana," in ji Rosmini. "Ni dai hannuna ba ya ciki. Matan unguwa ma sun ce ba da su ba."

"Mazan ma na yi musu magana, kowa sai noƙewa yake yi," in ji Haeru. " Cewa suke shekara da shekaru cikin mata yake, da zanen mata."

Liman ya yi gyaran murya. "Mutumin nan ya fi shekara talatin yana salla a bayana. Wanka haƙƙinsa ne a kanku. In abin ya rikice muku, akwai taimama, amma ni ban ga..."

"To a yi taimamar," in ji Rosmini. "Ta fi sauƙi."

"Sai dutsen kabari," in ji Haeru. "Mai tsayi na maza za a kafa ko mai faɗi na mata? Gidan Haji za su zo jana'iza. Ni ina ganin a rubuta La Dalle kawai, a rufe maganar."

"Baba, Goggo fa tana da rai," in ji Wana. "Tana ƙasan nan."

Haeru ya ce, "Daina cewa tana. Mijinki na iya ji."

Puang Dalle ya lalubi sandar da yake korar kaji da ita. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya buga katakon sama, sau uku.

"Haeru." Muryar ta fito a shaƙe, amma ta kai. "Da uwarka ta mutu, ni na yi maka wanka shekara shida, safe da yamma. Ba ka taɓa tambaya ko hannun namiji ne ko na mace ba. Kafin ku gama shawarar wankan, a ba ni ruwan sha."

Ba wanda ya motsa. Sai ya ji Rosmini ta ce ƙasa-ƙasa, "Tashi ka kai masa, kawunka ne."

"Ina zaune da malam zan ɗauki kofi? Aikinki ne."

"Ni ba na shiga ɗakin namiji."

"Ba ke kika ce mata-maza..."

"Subhanallahi," in ji liman.

Kujera ta motsa. "Zauna, Wana, da cikin nan za ki sauka matakala?" Rosmini ce. Aka yi ta ja-in-ja, aka nemi kofin da aka ware masa ba a gani ba, aka ce kada a ba shi a na baƙi saboda tarin.

Puang Dalle bai jira ba. Ya zamo daga gadon, ya ture kwanon da kafaɗa, ya ja jiki a kan ƙasa, ta cikin kashin kaji, har gindin matakalar da ubansa ya sassaƙa. A nan randar take, wadda baƙi suke wanke ƙafa kafin su hau. Ya kama bakinta ya ɗago kansa, ya tsoma ɓawon kwakwar da ke ciki, ya sha. Ya ƙara.

A haka Wana ta same shi, tana tsaye a kan matakala ta uku da kofin gilashi a hannu, ruwan yana zuba a kan yatsunta. A bayanta ubanta da uwarta da liman sun leƙo ta ƙofa, kowa yana jiran wani ya fara saukowa.

"Goggo..."

Ya goge baki da bayan hannu, ya jingina da randar yana haki.

"Koma sama," ya ce. "Ki ce musu na sha. Su ci gaba da shawara."